Wa ke da makarantar firamaren unguwarmu, kuma wa zan je in sama?

Mai Walda:

Assalamu alaikum. Jama'a ina da tambaya, kuma don Allah wanda ya san abin daga ciki nake so ya amsa mini, domin kunnena ya gaji da jin "ai gwamnati ce".

Ina zaune ne a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan Rigasa, can inda kwalta ta ƙare. Da na sayi fegina, gonakin dawa ne suka kewaye mu. Yau ko inda za ka ɗaure akuya babu. Wasu tsadar haya ce ta koro su daga Tudun Wada da Unguwar Sanusi, wasu kuma rashin tsaro ya taso su daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa, kowa da 'ya'yansa rututu. Amma firamaren gwamnati guda ɗaya ce tal, kuma tana nan yadda na tarar da ita, ba a ƙara mata ko bulo ɗaya ba.

Ruwan farko na bana ya zo da iska, ta yaye rufin ajujuwa biyu ta jefar a gonar wani. Aka kwashe yaran aka cusa su cikin sauran ajujuwan. Ran wata Talata 'yata ta biyu, wadda ke aji huɗu, ta manta da kular abincinta, na ajiye aiki na kai mata. Wallahi da na leƙa ta taga sai da jikina ya yi sanyi. Yara ne a ƙasa kamar an zuba gyaɗa a tabarma, gwiwar wannan a bayan wancan. Benci huɗu ne a ɗakin, manyan yara maza sun kama. Tawa kuwa a bakin taga na same ta, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, littafi a cinya. Malamar tana gaban allo tana magana, muryarta ta dishe, ni da nake tsaye a waje ban ji ko kalma ɗaya ba.

Da dare bayan isha na ɗauki allin da nake shata ƙarfe da shi, na rubuta a bayan kwali: "Baba ya tafi kasuwa." Na ce ta karanta mini. Ta rera mini haruffan ɗaya bayan ɗaya da waƙar Turanci, tsaf, amma haɗa su ya gagara. Ta sunkuyar da kai ta fara hawaye. Yarinyar nan fa izu biyar gare ta a Islamiyya, kuma da ka buɗe mata Alƙur'ani ko'ina ne za ta biya maka. Ke nan ba ƙwaƙwalwarta ce matsalar ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Na sami hedimasta, mutumin kirki ne, ya ce ya riga ya rubuta takarda zuwa ofis. Na sami wani mai faɗa a ji a siyasar unguwa, ya ce gini na jiha ne. Wani abokin cinikina ya ce kuɗin daga Abuja suke zuwa. Ana cikin haka sai ga yara sun dawo da saƙo wai kowane yaro ya kawo naira 300 na gyaran rufi. Ni ba 300 ɗin ce ta dame ni ba, yara uku nake da su a makarantar kuma zan iya biya. Hasali ma in an ba ni dama ni da yaran shagona za mu yi aikin kyauta. Amma maƙwabciyata mijinta ya rasu ya bar mata biyar, tun da aka faɗi maganar kuɗin ta daina tura su.

To wa ke da makarantar nan? Wa ke biyan malamai, wa ke da alhakin rufi? Kuɗin nan da ake karɓa halas ne a doka? Kuma wa ke duba ko yaran suna koyon wani abu, tunda katin sakamakonta na bara ya nuna ta ci, an ciyar da ita gaba?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Malam mai walda, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka gwada 'yarka da kanka. Iyaye ƙalilan ne ke yin haka. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, goma sha ɗaya daga ciki a kujerar hedimasta, don haka ka ba ni haƙurinka, zan ɗan ja maganar.

Duk waɗanda ka tambaya gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa guntu ya ba ka.

Hedimastanku, ko da yake ban san shi ba, in ya ce ya rubuta takarda to ya kai iyakar ikonsa. Hedimastan firamare ba ya ɗaukar malami, ba ya korar malami, ba ya biyan albashi, ba shi da asusun gini. Ni da kaina na sha sayen alli da kuɗin aljihuna. Wanda ke samansa shi ne sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda malamai ke kira ES, shi ke shugabantar ofishin da ake ce wa LGEA. Kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar nan tana da nata. Su ke rarraba malamai makaranta-makaranta, su ke turo masu duba aiki, kuma ta hannunsu takardar hedimasta ke wucewa. Sama da su sai SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, mai kula da firamare baki ɗaya, daga ɗaukar malamai har gine-gine da benci da littattafai. Ma'aikatar ilimi da kwamishinanta su ke tsara manufa. A Abuja kuma akwai UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wadda ba ta gudanar da makarantarku, kuɗi take bayarwa bisa sharaɗi.

Kuɗin kuwa ta hanya biyu suke biyowa, kuma ba sa haɗuwa. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, wato rabon da ake yi duk wata daga asusun tarayya. Shekara da shekaru ana zuba wannan kaso a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a cire albashin malamai tun daga sama kafin ciyaman ya ga ragowar. Gini da babban gyara kuwa daga kasafin kuɗin jiha ne da tallafin UBEC. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan. Babban kaso daga ciki ba a sakar wa jiha sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, sannan ta miƙa jadawalin ayyukan da za ta yi, makaranta kaza ajujuwa kaza. Idan sunan makarantarku bai shiga jadawalin shekara ba, sai a jira na gaba. Kuma wannan tallafi raba-daidai ake yi wa jihohi, abin da za a ba Kaduna da ɗimbin yaranta shi za a ba jihar da ba ta kai rabinta yawan jama'a ba.

Yanzu ga inda ciwon unguwanni irin taku yake. Kai a ganinka mutumin garin Kaduna ne, a nan kake aiki, a nan kake cefane. A takarda kuwa kai ɗan ƙaramar hukumar Igabi ne, mai hedikwata a Turunku, wadda ta ɗauko tun daga Rigasa har Rigachikun da Jaji da ƙauyuka barkatai. Haka mutanen wasu unguwannin kudancin gari suke, a takarda 'yan Chikun ne, hedikwatarsu Kujama. Gari ya tumbatsa ya shige cikin ƙananan hukumomin da aka shata a matsayin karkara. Yawan jama'a na cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗi, ga shi rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, lokacin da unguwarku ke gonar dawa. Mutanen da suka cika ajin 'yarka, a lissafin rabo har yanzu suna ƙauyukan da suka baro, ko ma ba a haife su ba.

Abin da ke ɗan cike wannan giɓi shi ne ƙidayar makarantu da ake yi duk shekara, inda hedimasta ke cike fom: yara nawa, malamai nawa, ajujuwa nawa ne masu kyau, nawa ne suka lalace. Ka tambaye shi ko an cike na bana bayan iskar ko kafinta. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ba fom kaɗai ke sa suna a jadawali ba. Unguwar da ke da masu bibiya, masu zuwa ofis su dawo su sake komawa, ita ake fara tunawa.

Batun naira 300. Dokar 2004 ɗin nan ta ce karatun shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Har hukunci ta tanada wa wanda ya karɓi kuɗi, tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ko duka biyun. Don haka ba wanda ke da ikon hana yaro shiga aji saboda bai kawo ba. Ka je ka faɗa wa maƙwabciyarka ta tura 'ya'yanta gobe. Amma ina roƙonka kada ka ɗauki wannan doka ka je ka tsaya a kan hedimasta da ita. Mutumin yana tsakanin ruwan sama da yara ɗaruruwa, ba da son ransa ya aiko saƙon ba.

Wani abu kuma da ya kamata iyaye su sa wa ido. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mutane da yawa sun yi murna, kuma ina gane dalilinsu. Mu tsofaffin malamai gabanmu ne ya faɗi, saboda mun ga 1991, lokacin da aka rushe hukumar firamare ta ƙasa aka damƙa mu a hannun ƙananan hukumomi. Na yi watanni ba albashi, matata ce ta riƙe gidan da kuɗin ƙuli-ƙuli. Sai a 1993 aka dawo da hukumar. Ba na cewa haka za ta sake faruwa, amma duk yadda aka juya tsarin, albashin malami shi ya kamata a fara cirewa.

Direban Keke:

Baba Allah ya ƙara lafiya, bayani ya yi. Amma ɗan'uwa mai walda, ni shawarata gajera ce: ka cire yarinyar nan. Kafin takarda ta tashi daga teburin wannan ta sauka a na wancan, ta gama aji shida ba ta iya rubuta sunanta ba. Ni ma haka na gani a wurin ɗana, na mayar da shi wata 'yar makarantar kuɗi a layinmu, su ashirin da 'yan kai ne a aji. Ina shan wahalar biya, wani zangon sai na ci bashi a wurin mai keken, amma yanzu yana karanta mini saƙon waya. Shekarun yaro ba sa jiran gwamnati.

Uwar Marayu:

Ɗana direba, ban ga laifinka ba, kowa ya san inda ɗakinsa ke masa yoyo. Amma ka tuna da maƙwabciyar da mai walda ya ambata mai yara biyar. Ita ina za ta kai nata? Ni ma irin ta ce, huɗu aka bar mini. Kuma duk ranar da masu ɗan ƙarfi da masu baki irin su mai walda suka kwashe 'ya'yansu, to makarantar ta zama marainiya, ba mai sake leƙa tagarta.

Malam mai walda, akwai abu ɗaya da Baba hedimasta bai taɓo ba, kuma shi ne ƙofar da ta fi kusa da kai. Kowace firamaren gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC. Ba PTA ba ce. PTA ta iyaye ce da malamai, shi kuwa wannan na unguwa ne gaba ɗaya: mai unguwa, malaman addini, wakilan mata, tsofaffin ɗalibai, wakilan yaran su kansu, hedimasta yana sakatare, kuma har masu sana'ar hannu suna da kujera a ciki. Ka ga kai ma gurbinka na nan. Ni shekara shida ke nan ina wakiltar mata a na makarantarmu ta wajen Mando. Tun zamanin shirin inganta ilimi na ESSPIN, wanda Ingila ta ɗauki nauyinsa kuma Kaduna na cikin jihohi shida da ya yi aiki, aka horar da irin waɗannan kwamitoci. Wasu sun ci gaba, wasu sun koma suna a takarda.

Namu ma da na shiga suna ne kawai. Shugaban da 'yan'uwansa biyu su ne kwamitin, ba a taɓa kiran taro ba. Abin da ya tayar da mu shi ne banɗaki. Babu ko ɗaya mai aiki, 'yan matan aji biyar da shida da sun fara girma sai su daina zuwa, wasu su tafi gida da tara ba su dawo ba. Muka haɗu mu mata tara muka je gidan mai unguwa da daddare, muka zauna a zaure muka ce ba za mu tashi ba sai ya sa ranar taro. Ya sa.

Ga abin da muka koya da wahala. Magana da baki a ofis iska ce. Ku rubuta takarda da sunan kwamiti, mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, hedimasta ya sa. Ku faɗi adadin yara na gaskiya daga rajista, ku haɗa da hotuna. Ku yi kwafi uku, ku kai ofishin sakataren ilimi, kada ku fito sai an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku. Wannan kwafin shi ne makaminku, da shi za ku wuce SUBEB, da shi za ku tari ɗan majalisarku na jiha. Kuma ku je da mata. Na lura in maza zalla suka je, a yi musabaha a yi raha a rabu. In mu muka zauna a benci da goyo tun safe, sai an saurare mu.

Ba zan yi maka ƙarya ba, damina biyu muka yi muna jeka-ka-dawo kafin a zo a gina mana banɗaki. Kafin nan mun haƙa na wucin gadi da gudummawa. Ka lura, gudummawa na ce. Ba a aza wa yaro ba, ba a aika saƙo ta bakinsa ba. A masallaci aka yi sanarwa ran Juma'a, aka kai wa 'yan'uwanmu na coci ran Lahadi, mai buhun siminti ya kawo, mai ɗari biyu ya kawo, wanda ba shi da shi ya zo ya ɗebi ƙasa. Duk abin da ya shigo da abin da ya fita muka rubuta a babbar takarda muka manna a ƙofar ofishin hedimasta. Tun daga ranar gulmar "sun cinye" ta mutu.

Kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa ku jira kuɗin AGILE na Bankin Duniya. Gaskiya ne Kaduna na ciki, kuma ta hannun irin wannan kwamiti ake ba makarantu kuɗin gyara, amma na sakandare ne, don karatun 'yan mata. Firamare ba ta ciki.

Malamar Aji Biyu:

Ina gaida Baba da Mama. Ni tambayar mai walda ta ƙarshe zan amsa, ta wa ke duba ko yara suna koyo, don ita ce ke hana ni barci ni ma.

Ina cikin waɗanda aka ɗauka a 2018. Kun tuna a 2017, zamanin Malam Nasiru El-Rufai, an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki, sannan aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. A 2022 ma an sake sallamar wasu 2,357 bayan wata jarrabawar. Ni ta wannan ƙofa na samu aiki, kuma na ga takardun amsar wasu da suka bazu a lokacin, gaskiya bai dace a bar wa irinsu yara ba. Amma na kuma san wata malama da ta koyar da ni karatu da hannunta, guguwar ta haɗa da ita. Abin da nake so iyaye su gane shi ne, an canza malamai amma ba a canza ɗakin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Rajistata ta haura ɗari. Kiran suna kaɗai yana cinye mini kusan rabin darasin farko. In na ba kowane littafi minti ɗaya wajen dubawa, awa biyu ta kusa tafiya. Wallahi akwai yaran da zango ke ƙarewa ban ji muryarsu ba.

Yawan nan ya daɗa hauhawa ne tun da aka fara ciyar da yara a 2016. Abin alheri ne, yara da yawa da ba su taɓa taka aji ba sun shigo. Sai dai yara sun shigo da gudu, ajujuwa suna tafe da rarrafe.

Masu duba makarantu suna zuwa, daga ofishin ilimi da kuma hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jiha. Mafi yawa abin da ake dubawa shi ne rajista, da littafin shirin darasi, da ko malami ya sa hannu da safe. Da wuya ka ga an ɗaga yaro daga layin baya an ce karanta wannan. Katin sakamako kuwa kada ka dogara da shi. Jarrabawar zango a allo muke rubutawa, yaro ya kwafa, wanda ya iya kwafe da kyau ya samu maki ko bai san me ya rubuta ba. Kuma ba a cika maimaita wa yaro aji ba, in ka riƙe shi ina za ka sa waɗanda ke tahowa?

Malam mai walda, 'yarka kuwa, abin da ka gani da sauƙin magani in sha Allah. An koya mata sunayen haruffa da Turanci, ba a koya mata sautinsu ba. Ka manta da waƙar nan tukuna. Ka fara da Hausa, domin Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasula biyar, a e i o u, har su zauna. Sannan baƙi ɗaya a rana: ba be bi bo bu, gobe ka ke ki ko ku. Da ta riƙe uku ko huɗu sai ka fara haɗawa, ba-ba, ka-ka, bu-ka. Ka ce mata kamar fatha da kasra da damma ne a kan harafi, yarinyar da ke da izu biyar nan take za ta gane. Minti ashirin bayan magariba ya isa, kada ka haɗa da tsawa. In ta iya karanta Hausa, Turancin ba zai yi mata wuya kamar yanzu ba.

Yaya direba, na ji daɗi ɗanka ya samu. Sai dai ka riƙa gwada shi kai ma, don wasu makarantun layin nan wanda ke koyarwa bai daɗe da gama sakandare ba, ba NCE ba rajistar malanta. Ƙarancin yaran ne ke taimakonsu.

Mai Walda:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya kowa. Na yi shiru kwana goma ne don ina so in dawo da abin faɗa.

Mama, kamar kin gani. Na tambayi hedimasta kwamitin, ya buɗe durowa ya zaro wata takarda da ta yi ja. Cikin sunayen, mutum uku sun tashi daga unguwar, ɗaya Allah ya yi masa rasuwa shekara biyu da suka wuce. Muka je wurin mai unguwa tare da shi, aka kira taro ran Asabar bayan la'asar a gindin dogon yaron makaranta. Mata sun fi maza yawa, maƙwabciyata na ciki. An janye maganar 300, an mayar da ita gudummawar ganin dama, kuma yaranta biyar sun koma ran Litinin. An ba ni kujerar masu sana'a.

Na hau ginin da tsani na duba. Ashe ba iska kaɗai ba ce, gara ta cinye katakon rufin, da yatsa nake tura shi yana burmawa. Har na ajin da yaran ke ciki yanzu haka yake, wannan ya fi tayar mini da hankali. Na auna, na rubuta abin da za a buƙata in da ƙarfe za a yi, muka haɗa da hotuna a takardar. An karɓa a ofishin ilimi, an buga mana hatimi, kwafin yana hannun mai unguwa. Baba, fom ɗin ƙidayar kafin iskar aka cike, hedimasta ya ce zai rubuta gyara. Kafin a ji daga sama mun tokare rufin da turaku huɗu na ƙarfe daga shagona.

Malama, mun kai harafi na bakwai. Shekaranjiya muna tafe a babur ta daki bayana ta ce, "Baba, can an rubuta kaza!" Allon mai sayar da kaji ne. Ƙanenta ma ya shigo karatun, kwalayen shagona sun kusa ƙarewa.

Ɗan'uwa direba, ban watsar da shawararka ba, na ba kaina zuwa ƙarshen zango na gaba in gani.

Sai wata sabuwa da ta taso a wurin taron. Makarantar ba ta da katanga, kuma wani ya fara zuba harsashin shago a gefen filin da yara ke ƙwallo, yana cewa saya ya yi. Tsofaffin unguwa sun ce filin makaranta ya kai har bakin rafi, amma hedimasta ya ce bai gaji wata takardar fili ba daga wanda ya gabace shi. Baba hedimasta, a wurin wa takardar filin makarantar gwamnati take zama? Ofishin ilimi za mu koma, ko KADGIS, hukumar filaye ta jiha, za mu nufa kai tsaye? Mutumin ya riga ya sauke yashi tifa biyu.